Wanda aka zarga da satar fim shi ma yana da bakin magana

Duk wanda yake Katsina ya san 'yan tura fim, ka miƙa memori ko waya a cika maka, wasu kuma Xender ne ko guruf na Telegram, kuma gaskiya 'yan Kannywood suna cutuwa, mutum ya ci bashi ya yi fim kafin ya maida kuɗinsa an gama rabawa a gari. Wannan ba na musu a kai.

Ni abin da yake damuna shi ne wanda aka nuna wa yatsa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ɗan Daura ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai fim ko waƙa dama ya rubuta wa kamfanin da aka ɗora kayansa a kai ya ce a sauke, kuma wanda aka yi ta kamawa ana iya dakatar da akawun ɗinsa bayan an gargaɗe shi. To amma dokar nan dai ta ce in abin da ka ɗora ne aka sauke a sanar da kai, kuma kana da ikon maida martani a rubuce ka ce kayana ne ko da izini na ɗora, wanda ya kai ƙarar ƙarya da gangan shi ma ana iya sa shi biyan diyya. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba sam, ana sauke musu bidiyo sai su ce Allah ya isa su yi shiru.

Kuma layi ai ba mutum ba ne. Gida nawa ne waya ɗaya ake kunna wa yara da maƙwabta data, layin ma da NIN ɗin Baba aka yi rajista, tsohon da bai san ma mene ne Telegram ba? Shi za a kama?

Faransa ta gwada zafin hannu a 2009 da dokar Hadopi ta yaƙi da satar fim da waƙa a intanet, gargaɗi biyu na uku a yanke maka intanet, kotun tsarin mulkinsu ta ce a'a, sai dai alƙali ya yanke, zuwa 2013 ma suka janye hukuncin yankewar. Mu ma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar. Don haka in an sauke maka abin da kai ka ɗauka da wayarka, ka adana asalin bidiyon da ranar da ka ɗauka, ka rubuta musu martani da wuri kada ka tsaya jiran gobe.