Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ranar Da Laftof Ɗin Yaya Ta Ƙi Tashi

Makon jiya mun tsaya a inda na saka Ubuntu 12.04, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows, a gefen Windows 7 a laftof ɗin Yayana, cikin 2012. Tun wajen sakawar na sha wuya, don diskin tsohon tsari ne na MBR, fatishin (wato ɓangarorin da ake raba diski) na asali guda huɗu kacal yake ɗauka, kuma duka huɗun a cike laftof ɗin ta zo, sai da na cire ɗaya sannan na samu wuri.

To bayan kamar wata biyu Yaya ya fara ƙorafi wai wuri ya ƙare masa, ga furojet ɗinsa na gama jami'a, ya ce in cire masa wannan abin nawa. Da daddare na shiga Disk Management na ga fatishin biyu marasa suna, na san na Ubuntu ne, na goge su. Kwamfuta ta ci gaba da aiki lafiya lau, na kashe na kwanta.

Da safe Yaya ya kunna, baƙin allo kawai da ɗan farin rubutu, error: no such partition, a ƙasa kuma grub rescue>. Saura kwana huɗu ya miƙa wa malaminsa aikin.

"Kai me ka yi mata jiya?"

"Yaya wallahi abin da ka ce na yi."

Bai ƙara magana ba, kuma shirun nan ya fi min duka ciwo. Muka kai wa wani mai gyara, ko minti biyu bai yi da ita ba ya ce sai fomat, komai ya tafi. Na ga Yaya ya dafe kai, ni kuma zuciyata ta ƙi yarda, ai ban taɓa fatishin ɗin Windows ba, ta ina aikin zai bi ya ɓace? Na roƙe shi ya ba ni zuwa dare.

A gida na ɗauko fulash ɗin da na saka Ubuntu da shi tun farko, na tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da na saka komai ba, hannuna na rawa na buɗe diskin, sai ga foldar Yaya, babi na ɗaya har na biyar suna nan yadda ya bar su. Kafin komai sai da na kwafe su a fulash ɗinsa.

Daga baya na gane abin da ya faru. GRUB, wato manhajar da Ubuntu ya saka don tayar da kwamfutar, kashi biyu ne, ɗan ƙaramin yana zaune a farkon diski, aikinsa kawai ya kira ragowar da ke cikin fatishin ɗin Ubuntu, ni kuma na goge ragowar, ya yi ta kira ba mai amsawa. Windows tana nan kalau, hanyar zuwa wajenta ce ta toshe.

Bayan isha'i na samo aron faifan Windows 7 wajen wani abokina, na shiga ɓangaren gyara, na buɗe Command Prompt, wato wajen rubuta umarni, na rubuta bootrec /fixmbr, umarnin da ke mayar da hanyar tayar da Windows a farkon diski. Na cire faifan na sake kunnawa, Yaya na tsaye a kaina riƙe da tocila don an ɗauke wuta kuma cajin ya kusa ƙarewa, sai ga tambarin Windows ya fito. Ya sauke numfashi ya ce "Alhamdulillah", ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna masa yadda na shiga da fulash ɗin nan.

Mako mai zuwa insha Allah zan ba ku labarin yadda na fara zama a shagon gyara.