Inuwar fenti a jikin ƙaramin jirgi

Shagona yana Agege, ba nisa da filin jirgin Murtala Muhammed. Ni da yarana biyu muna haɗa ƙananan jiragen sama na roba, mu fente su, mu sayar wa masu kamfanonin Hajji da Umara da masu son ado a ofis. Da burushi na fara, kuma na daɗe a kai, har ranar da wani dattijo, tsohon sojan sama, ya ba ni aikin jirgin yaƙi Alpha Jet mai ma'aunin 1:48, wato na gasken ya ninka shi sau 48 a tsawo. Da ya zo karɓa, ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, aikinka tsaf, amma jirgin nan bai taɓa tashi ba." Gaskiya ya faɗa. Launi ɗaya ne tak tun daga hanci har wutsiya.

Shi ya sa na sayi alƙalamin feshi mai baki milimita 0.3 da ƙaramar kwamfaresa. Maɓalli ɗaya ne a jikin alƙalamin: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Iska ce farko, ita ce ƙarshe, in ba haka ba ya tofa maka ɗigo. Fentin kamfanin Tamiya nake sirkawa da tina, wato ruwan tsinka fenti, har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, matsin iska wajen PSI 15. Makonni na yi ina gwaji a bayan cokulan roba kafin na yarda na taɓa jirgi.

Inuwar kanta ga yadda take. Bayan fentin shimfiɗa, sai ka bi layukan da farantan jikin jirgi suka haɗu da siririn launi mai duhu. Sannan ka kawo ainihin launin, ka fara daga tsakiyar kowane faranti, sama-sama, kana barin duhun yana leƙowa daga ƙasa. Wurin tsayawa shi ne wahalar. Ƙarin feshi ɗaya, aikin yini ya nutse. Har yau nakan ce wa ƙaramin yarona, ajiye, je ka bakin ƙofa ka hango shi tukuna.

Damina a Legas kuwa, laima na taruwa a cikin tiyo. Wata rana ina kan fiffike na ƙarshe ruwa ya fantso, sai da na koma da samfefa. Tun ranar na sa matarin ruwa a bakin kwamfaresa, ina zubar da shi kowace safiya. Takunkumi ma dole ne, ƙamshin tina ba abin wasa ba ne ga huhu.

Alhazai sun fi son jirgi fari fes, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ko fari yana son inuwa, sai dai baƙi ya yi masa nauyi. Toka-toka mai ratsin shuɗi nake sa masa. Yanzu haka akwai Boeing 747 mai ma'aunin 1:144 a kan teburi, na gama layukan fiffiken dama, ina jiran hadarin nan ya wuce in shiga na hagu.