Yadda Na Zaɓi Ƙananan Sifikoki Don Kwamfutar Teburina

Aikina na yamma shi ne sauraren hirarrakin da aka naɗa da dattawa, in mayar da su rubuce. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san wuyarsa: tsoho na magana ƙasa-ƙasa, babur na wucewa, yara na wasa a tsakar gida, kai kuma kana son tabbatar da kowace kalma. Abin sawa a kunne yana taimakawa, amma a zafin Afrilu na Kaduna ba ka daɗewa kunnenka zai jiƙe da gumi. Shi ya sa na fita neman ƙananan sifikoki masu amfilifaya a cikinsu, irin waɗanda za ka ba su wuta, ka soka wayarsu a koren ramin nan na bayan kwamfuta, shi ke nan.

Na zagaya shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello da na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kusan ko'ina gwajin iri ɗaya ne. Mai shago zai saka waƙa mai ganga, ya murɗa har ƙarshe, ya ce, "Malam, ka ji duka? Wannan ko biki za ka yi da ita." Ban ga laifinsa ba, abin da yawancin masu saye ke nema ke nan. Amma ni nisan da ke tsakanina da sifika bai wuce miƙa hannu ba, kuma da dare nake aiki, iyali na barci. Abin da nake bukata shi ne muryar mutum ta fito tas alhali sautin yana ƙasa.

Lambobin da ke jikin kwali su na fara koyon karantawa. Za ka ga ƙaramar sifikar roba an buga mata 500W ko 1000W, kusa da shi an rubuta PMPO. Wannan lamba ta talla ce kawai. Wadda ke nuna ƙarfin da sifika ke iya riƙewa tana aiki ita ce mai RMS. Lissafin ma a bayyane yake: ramin USB 2.0 wutar da yake bayarwa wat 2.5 ce, na USB 3.0 kuwa wat 4.5. To sifikar da ke shan wuta daga nan, ina za ta samo ɗari biyar? Creative Pebble, wadda ita ma ta USB ce, wat 4.4 RMS masu ita suka rubuta, kuma wannan faɗin gaskiyar ya sa na ji na yarda da ita tun kafin in saurara. Na saurara kuwa, ba ta ba ni kunya ba. An karkatar da fuskarta sama wajen kunnen mai zama, murya na fita sarai, sai dai ba ta da kauri. Irinta na ba ƙanena shawarar ya saya, shi da ke aiki da laftof, don ko an ɗauke wuta za ta ci gaba da aiki da batirin kwamfutar.

Waɗanda suka fi cika shaguna su ne masu wufa, wato akwati ɗaya babba a ƙarƙashin tebur da 'yan ƙanana biyu a sama. Ga mai kallon fim ko wasan gem suna da daɗi. Ga murya kuwa, a nan na fi jin damuwa. Tushen muryar babban namiji yana tsakanin kusan hez 85 zuwa 180 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), su kuma 'yan ƙananan na sama ba sa iya sauka can ƙasa, sai akwatin ƙasa ya karɓi wannan ɓangaren. Muryar mutum ɗaya sai ta rabu biyu, kaurinta na fitowa daga wajen ƙafafunka, sirantarta daga gabanka. Da na saka hirar wani dattijo mai kakkaurar murya, sai na ji kamar daga cikin randa yake magana. In na rage wufar, muryar ta zama siririya, in na ƙara, kalmomi su dulmuye cikin ƙugi.

Daga nan na riƙa zuwa shago da hirar a wayata, da tawa igiyar mai kan milimita 3.5. Nakan roƙi mai shago, "Don Allah ɗan'uwa, a rage, ƙasa-ƙasa nake son ji." Wasu sukan yi mamaki, amma ba wanda ya hana. A wannan ƙaramin sauti ne aibin sifika ke tonuwa. Wasu masu araha, in ka rage sosai, ɓangare ɗaya kan yi shiru kafin ɗayan, saboda raunin maɓallin murɗawa. Wasu in ka tsayar da komai ka kara kunnenka, za ka ji "shuuu" ba ƙaƙƙautawa. A hayaniyar kasuwa ba ka lura da shi, amma a ɗaki da ƙarfe goma sha ɗayan dare shi zai hana ka sakat.

Wadda na ɗauka ita ce Edifier R1280T. Akwatuna biyu ne na matsattsen katako, kowanne da sifikar inci 4 da ƙarama a tare don siririn sauti, ƙarfinsu gaba ɗaya wat 42 RMS. Ta fi ta USB tsada nesa ba kusa ba, sai da na ɗan jinkirta na tara kuɗin. Abin da ya ja ni, duk muryar daga wuri ɗaya take fita. Ramin iskarta a gaba yake, don haka tebur mai jingine da bango irin nawa bai dame ta sosai ba. Tana da mashigar sauti biyu, na haɗa kwamfuta a ɗaya, na bar ɗaya don waya. Ba ta da Bluetooth, ni kuwa ban neme shi ba, domin igiya ba ta jinkirta sauti, kuma mai tsayarwa da komawa baya kowane daƙiƙa kaɗan yana jin wannan jinkirin.

Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ja kunnena kan wuta, kuma maganarsa ta cancanci a isar. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Cikin kayan hannu da ake shigowa da su akwai waɗanda aka yi don can kaɗai, in ka soka su kai tsaye sun ƙone. A duba bayan sifika, a tabbatar an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240. Ya kuma ce in sa ta bayan sitabilaiza, in kashe ta da zarar an ɗauke wuta, don dawowar wutar ce ke kashe kaya. Da na fara haɗawa na ji wani ƙugi ƙasa-ƙasa. Kwamfuta na kan soket ɗaya, sifika na kan wani. Da na mayar da su kan abin raba wuta guda, na kuma raba igiyar sauti da wayoyin wuta, sai ya ɗauke.

Ajiyewa ma rabin aikin ce, kuma kyauta ce. Na buɗa tsakaninsu daidai da nisan kowacce zuwa kaina, na juyo da fuskokinsu gare ni, na sa littattafai a ƙasa har ƙaramar sifikar ta zo saitin kunne. Wannan ɗagawar kaɗai ta rage rawar da tebur ke yi, haruffa irin su "s" da "ts" suka ƙara fitowa. Maɓallin bas, wato na kaurin sauti, na rage shi kaɗan daga tsakiya in ina aikin hira, in mayar in zan ji waƙa. Da hunturu kuma nakan lulluɓe su da ƙyalle bayan na kashe, domin ƙurar da ke shiga maɓallin murɗawa ita ce ke sa shi ƙaraf-ƙaraf.