Kaset namu ne, hoton na mai shi

A farkon watan Afrilun 2023, ana cikin azumi, zafin Sakkwato ya kai inda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, aka sauke mana kwali uku a bakin ɗakin karatu. Iyalan wani malaminmu da ya rasu ne suka aiko da su. Marigayin ya daɗe yana koyar da al'adun Hausawa, kuma duk inda ya ji an yi wani taron gargajiya sai ya bi sawun kaset ɗinsa. Da muka buɗe, sai ga kaset-kaset na bidiyo irin na da, masu girman littafi: kokawa, dambe, sharo, hawan salla, hira da majema da dukawa kan jimar fatar jan akuyar Sakkwato, har da shirye-shiryen talabijin da ya naɗa a gida. Ni ke kula da sashen na'urori da bidiyo, saboda haka ni aka danƙa wa su.

Na yi murna ƙwarai. Zaren kaset ba ya shiri da zafi da ƙura, kuma waɗannan sun haura shekara talatin a ɗakin da ba ko fanka. Wasu zaren ya manne, wasu hoton ya fara dusashewa. Na samo tsohuwar na'urar kallo wurin wani mai gyaran rediyo, na haɗa ta da kwamfuta, na shiga juye su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba ya gaggautuwa: kaset na awa uku, awa uku za ka zauna, in aka ɗauke wuta a tsakiya ka koma farko. Bayan salla na gama kwali na farko. Cikinsa akwai wata kokawa ta 1992 da ta burge ni, makaɗi na zuba kirari, 'yan kokawa na shiga fage da layu da guraye. Na ce wannan bai kamata ya kwanta a rumbun kwamfuta ba. Na ɗora shi gaba ɗaya a shafinmu na Facebook, na rubuta sunan ɗakin karatunmu a ƙasa.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wani dattijo da sanda, jikansa na biye da shi riƙe da waya. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, kai anka ce ka sa wanga hoto ga intanet?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, ni na ɗauke shi. Kyamarata, kuɗin motata, kwana biyu ina cikin rana. Malaminku, Allah shi jiƙan shi, kwafi yas saya gare ni. Ban sayar mai da aikina ba. Kuma ko sunana ba ka sa ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ambaci kotu ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, domin gaskiya ya faɗa. Shagon ɗaukar bidiyo ya riƙe shekara da shekaru, da shi ya ci da iyalinsa, ni kuma na ɗauki guminsa na raba wa duniya da sunanmu.

Na kai maganar wurin shugabar ɗakin karatu. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, sauke shi yanzu, kafin la'asar. Sannan ka ɗauko mini takardar da iyalan suka sa wa hannu." Na ɗauko. Abin da ke ciki kawai: sun ba mu kwali uku na kaset kyauta, sadaka ga mamaci. Ta ce, "Ka gani? Roba da zare suka ba mu. Abin da ke cikin zaren ba nasu ba ne balle su bayar."

A daren nan na fara neman doka, kuma na fara da ɓata. Mafi yawan abin da intanet ke kawo maka in ka tambayi hukuncin nuna bidiyo a makaranta, dokar Amurka ce: sashe na 110 na dokarsu da ya yarda a nuna fim a aji malami da ɗalibai suna fuska da fuska, da dokar TEACH ta 2002 kan karatu daga nesa. Na sha jin abokan aiki suna kafa hujja da su. Waɗannan can suke aiki. Fim ko daga ina ya fito, in a Sakkwato za a nuna shi, dokar Najeriya ce ke kansa, kuma tun da ƙasar ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe a 1993, aikin baƙo daga ƙasashen yarjejeniyar na samun kariya a nan kamar na ɗan gida.

Tamu dokar sabuwa ce fil a lokacin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga 1988. Na buga ta a takarda, na yi kwanaki ina bi da biro. Abu na farko da ya warware mini: haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista ko tambari. Da an ɗauki hoton, haƙƙin ya tabbata, ko da kaset ɗin ba rubutu ko ɗaya a bayansa. Wanda doka ke ɗauka a matsayin mai aikin bidiyo shi ne wanda ya yi tsarin ɗaukarsa, sai in an yi wata yarjejeniya dabam. Kariyar kuma shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Wato kokawar Baba ta 1992, da nake wa kallon tsohon abu marar mai shi, tana da mai ita har ƙarshen 2042. Sabuwar dokar ta kuma fito fili ta ce ɗora aiki inda kowa zai iya kallo a lokacin da ya ga dama, daga inda ya ga dama, haƙƙin mai aikin ne. Abin da na yi ke nan daidai.

Da na ƙara zurfi sai na ga kaset ɗaya na iya ɗaukar haƙƙin mutum uku ko fiye. Ga wanda ya ɗauki hoton. Ga makaɗin da ya tsara waƙar, wanda kariyar waƙarsa ke kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa, ta koma hannun magada. Ga kuma haƙƙinsa da na 'yan amshinsa a matsayin waɗanda suka yi wasan a gaban kyamara. Izinin Baba shi kaɗai ba zai wanke waƙar ba.

Amma dokar ba ta ɗaure mu ba, kuma wannan nake so 'yan'uwana ma'aikatan laburare su ji, domin na ga inda tsoro ya sa aka kulle kaset a kabad har ya lalace. Ta ware wa ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi damar kwafar abin da ke hannunsu don adanawa da gudun asara, matuƙar ba kasuwanci ba ne. Juyen da na yi daga kaset zuwa kwamfuta yana kan hanya. Ta kuma yarda da amfani na adalci, kamar bincike da nazari da sharhi, bisa la'akari da abu huɗu: me ake nufi da amfanin, wane irin aiki ne, nawa aka ɗiba daga cikinsa, da kuma ko ɗibar za ta kashe wa mai shi kasuwa. Ɗalibin da ya zo ya zauna a ɗakinmu ya kalli kokawar don kundin digirinsa, ko malamin da ya yanki minti uku ya yi sharhi kan kirari a aji, ba su ɗaya da ni da na zuba awa biyu cur a Facebook.

Wani abokin aikina ya yi mini gardama. Ya ce ilimi ba a ɓoye shi, kuma wannan duk tsarin Turawa ne. Na fahimci inda ya dosa, amma ban yarda ba. A garin nan aka san ijaza, malami ya ba ɗalibi izinin ruwaito littafi daga gare shi. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunan mawallafi, su rubuta nasu a ƙarshe, a san wa ya wallafa, wa ya kwafa. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta kan malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Kalmar da muke amfani da ita ma ta isa: haƙƙi. Kowa a nan ya san nauyin haƙƙin wani.

Bayan wannan na fara duba sauran ayyukanmu da sabon ido, na ga ɓaraka ta wasu wuraren. Malamai kan zo da filash cike da bidiyon da suka sauke daga YouTube, su ce in zuba a kwamfutocin ɗalibai. Yanzu nakan ce su ba ni adireshin bidiyon, ɗalibi ya kalla a inda mai shi ya ajiye, sai fa in bidiyon na ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda mai aikin ya riga ya faɗi sharuɗɗansa: a ambaci sunansa, wani ya hana kasuwanci da shi, wani ya hana a sauya shi. Darussan MIT OpenCourseWare, waɗanda jami'ar MIT ta Amurka ke ɗorawa kyauta a intanet, na da irin wannan lasisi, kuma a wurin da data ke da tsada, intanet na yankewa, samun abin da za ka sauke da halal ka raba wa ɗalibai babbar ni'ima ce. Wani malami ya so ya nuna fim a babban zaure da asusunsa na Netflix. Na nuna masa cewa kuɗin da yake biya na kallon gida ne, sai wasu finafinan ilimi ƙalilan da kamfanin ya ba izinin nunawa a makaranta. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi aron majiginmu don nuna fim ɗin Hausa da kuɗin ƙofa. Wannan nuni ne ga jama'a, sai da izinin furodusa ko lasisi daga AVRS, ƙungiyar da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta amince ta karɓar wa masu finafinai haƙƙinsu. Ba su ji daɗi ba, amma da suka kira furodusan ya amince musu da sharaɗi mai sauƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne komawa wurin Baba. Mun je gidansa ni da wani babban ma'aikacinmu, bayan la'asar, muka zauna a zaure. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, sannan ya gaya mana abin da ban sani ba: nasa kaset na asali ruwan sama ya lalata su shekarun baya da rufin shagon ya yi yoyo. Kwafin da ke hannunmu shi kaɗai ya rage a duniya, iyakar saninsa. Ba kuɗi yake nema ba. Yana son a san shi ya ɗauka, kuma yana son jikokinsa su ga aikinsa.

Muka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa, jikansa ya karanta masa. Haƙƙi na nan hannunsa. Ya ba mu izini mu adana, mu nuna a ɗakin karatu da aji, mu ɗora gutsuren da bai wuce minti biyar ba a intanet da sunansa a kai, ban da sayarwa. Mu kuma za mu ba shi kwafin duk abin da muka juye na aikinsa. Doka ta yarda da izinin baki in ba mallakawa ake yi ba ko keɓance wa mutum ɗaya, amma na riga na ga abin da rashin takarda ke haifarwa bayan mutum ya kwanta dama.

Iyalan makaɗin sai da muka yi tafiya wajen Wurno. Babban ɗansa ya karɓe mu da fura, ya ji bayaninmu, ya ce, "Malam, ɗalibai su ji waƙar tsohonmu, mun yarda. Intanet kam a'a, da ita muka samun na cefane." Suna zuba waƙoƙin a katin waya suna sayarwa ran kasuwa. Saboda haka gutsuren da muka mayar shafinmu wurin da ake kokawa ne kafin makaɗin ya karɓi fage. Na so a ce duniya ta ji kirarin nan, amma ba nawa ba ne.

Shirye-shiryen talabijin ɗin mun rubuta wa tashar da ta watsa su, muna nan muna jira, kuma kafin amsa ta zo suna ajiye don adanawa kawai. Wani kaset kuma na biki ne, mata a cikin gida suna kamu. Wannan ko doka ta yarda ba zan nuna wa kowa ba. Mun mayar wa iyalan marigayin.

Takardar karɓar kyautarmu ta sauya. Duk wanda ya kawo bidiyo yanzu muna tambayarsa wa ya ɗauka, a wace shekara, su wa ke ciki, shi kuma yaya aka yi ya same shi, tun yana tsaye a gabanmu yana iya amsawa. Kwali na uku shi ne mai wuya, domin yawancin kaset ɗin ba a rubuta komai a kansu ba. Baba kan zo ranar Talata in lafiya ta bari, jikansa ya kawo shi a babur, in kunna masa su. Yakan gane aikin tsoffin abokan sana'arsa daga yadda suke riƙe kyamara da yadda suke jawo hoto kusa. Makon jiya ya kalli wani hawan salla minti biyu kacal, ya ɗaga sanda ya nuna allon, ya faɗi sunan mutumin da unguwarsu, ya ce ya rasu amma ɗiyansa na nan Mabera. Na rubuta a littafin, ranar Asabar za mu je.