Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kyamarar da Muka Sa wa Baba

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya ce mu riƙa lura da Baba da daddare, saboda mantuwar da ta kama shi bayan rasuwar Inna ta fara fitar da shi daga ɗaki a tsakar dare. Ni aiki ya kai ni nesa. Ƙanina Auta ne kaɗai ke kwana a gidan, shi kuma in ya kwanta ko ganga aka buga ba ya ji. Sai muka yi shawarar sa kyamara.

Ba mu sa ba sai da muka nemi izininsa. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, muna so mu sa kyamara a baranda da bakin ƙofar gida, don mu san lafiyarku." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ban da ɗakina." Har yau ina jin daɗin da muka tambaye shi. Mutum ko yaya ƙwaƙwalwarsa ta raunana, mutuncinsa na nan, kuma ban yarda a sa wa tsoho ido a ɓoye da sunan kulawa ba.

Aka kafa kyamarori biyu da wata 'yar na'ura mai adana hoton a faifai. Mai kafawa ya ce da na buɗe burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a kwamfutata, na rubuta adireshin na'urar, zan ga komai. Na buɗe. Shafin ya fito, amma inda hoton ya kamata ya kasance baƙi ne ƙirin, sai wani saƙo da ke cewa in sauke wata ƙaramar manhaja. Manhajar kuwa ba ta aiki sai a burauzar Internet Explorer, wanda Microsoft ya daina kula da shi a ranar 15 ga Yuni, 2022, watanni kaɗan kafin lokacin. Burauzar Chrome kuwa ya daina karɓar irin waɗannan manhajojin tun 2015. Na'urar sabuwa ce fil, amma hanyar kallonta ta zamanin da ya wuce ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mahaifina nake son gani, ba wasa na zo yi da kwamfuta ba.

Auta ya ce, "Yaya, bari in kwafo miki fayil ɗin daga na'urar in turo." Ya turo. Na ja shi cikin burauza, ya ƙi buɗewa. A VLC, manhajar kallon bidiyo, ya buɗe, amma kwamfutar aikina ba a barin mu sa mata manhaja, kuma ita ce a hannuna yawancin lokaci.

Wata abokiyar aikina da ta san harkar ce ta warware mini. Ta ce fayil ɗin bidiyo abu biyu ne, kamar ambulan da wasiƙar da ke ciki. Ambulan shi ne irin su MP4, wasiƙar kuma shi ne yadda aka matse hoton. Burauza na iya karɓar ambulan ya kasa karanta abin da ke ciki. Kyamararmu tana matse hoto da H.265, tsarin da aka amince da shi a 2013, wanda ke cin wuri kaɗan a faifai. H.264 na 2003 shi ne kusan kowane burauza ke karantawa. Burauzar Safari ya fara karanta H.265 tun 2017, Chrome kuwa sai a watan Oktoba na 2022, shi ma sai idan kwamfutar tana da sashen da ke fassara shi. Tawa tsohuwa ce, ba ta da shi. Sautin ma matsala ne: kyamarar tana ɗaukar sa da G.711, tsarin wayar tarho, burauza kuma tsarin sautin AAC yake so a cikin MP4.

Ta nuna wa Auta yadda zai yi amfani da ffmpeg, manhajar kyauta, ya mayar da hoton H.264, sautin AAC. Ta kuma ja kunnensa a kan wani abu da ban taɓa sani ba. A MP4 akwai wani ɓangare da ke ɗauke da jadawalin inda kowane hoto yake, kuma sau da yawa a ƙarshen fayil ake ajiye shi. In haka ne, burauza sai ya jira ya samu wannan ɓangaren kafin ya fara nuna komai. Umarnin faststart yana dawo da shi farko, sai bidiyon ya tashi nan take, kana iya tsallakawa zuwa duk lokacin da kake so. Daga baya ma muka shiga saitin kyamarar muka mayar da ita H.264 gaba ɗaya, faifan ya riƙa cika da wuri, amma wahalar juyawa ta ƙare.

Abu ɗaya ta hana mu: buɗe na'urar ga intanet kai tsaye. Ta tuna mana da Mirai, cutar kwamfuta da a 2016 ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin adana hoto saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba. Ranar nan Auta ya canza tamu, fayil ɗin kuma ya riƙa ajiye mini a wuri mai kulle da ni da shi kaɗai ke shiga.

Daren da na fara kallo, na ja sandar lokaci zuwa wajen ƙarfe uku. Sai ga Baba ya fito, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ya bi baranda yana dafa bango, ya isa ƙofar gida, ya taɓa kwaɗon, ya girgiza shi. Sai na ji muryarsa, a hankali, yana kiran sunan Inna, yana tambayar ko ta dawo. Ba fita yake son yi ba, jiran ta yake ya buɗe mata. Ya tsaya can na ɗan lokaci, ya koma ɗaki. Na duba sauran dararen, kusan kullum haka, kusan a lokaci ɗaya. Na yi kuka sosai. Da safe na kira Auta na ce ya riƙa barin fitilar baranda a kunne, ya kuma kawar da kujerar da ke kan hanyar.

Na yanko gajerun ɓangarori na aika wa likita, ya buɗe su a burauzar ofishinsa ba tare da ya sauke komai ba. Abin da ya gani a tafiyar Baba, wanda mu ba mu lura da shi ba, shi ya sa ya canza masa magani. Wannan za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.