Yadda na yi asarar shekara guda a neman jami'a, da abinda na gyara a karo na biyu

A 2023 na fara rubuta JAMB, na ci 231 cikin 400, kuma wallahi ranar da sakamakon ya fito gidanmu har da guɗa, Umma ta dinga kiran 'yan uwa tana cewa ai Auta ya shiga jami'a an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Tun daga rijista matsalar ta fara. Lokacin ba ni da waya mai kyau, sai na je wani kafe a unguwarmu na miƙa wa yaron lambar NIN ɗina nace ya yi min komai, shi kuma ya tura ta zuwa 55019, lambar da JAMB ke karɓar saƙo, da wani layi nasa, lambar furofayil ta zo ta wayarsa, imel ma shi ya buɗe, fasuwod ɗin ma ban tambaya ba don ban san yana da amfani ba. Toh layin da ka yi rijista da shi, shi JAMB ta sani, duk saƙonka nan zai dinga zuwa.

Kuskure na biyu kuma shi ya fi yi min ciwo. Lissafi ban samu kiredit ba a WAEC, sai na sake zama NECO, don haka da matsayin mai jiran sakamako na yi rijista. Da sakamakon ya fito na ɗora a shafin makarantar da na nema lokacin Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, na ɗauka shikenan. Ban san dole sai na koma cibiyar CBT, inda ake rijista da jarrabawar JAMB a kwamfuta, an ɗora min shi a shafin JAMB ba, don ta CAPS, tsarin JAMB na intanet, ake bada admishan yanzu, in babu sakamakonka a can ko nawa ka ci makaranta ba za ta iya tura sunanka ba. Lis na farko ya fito ba ni, na biyu ba ni, wani abokina mai 208 ya samu kos ɗin da na nema, ni kuwa kullum da daddare ina kwance a kan tabarma a soro ina sabunta shafi har caji ya ƙare. Sai da wani malaminmu na sakandare ya sa muka nemo yaron kafe, muka shiga akawun ɗin, ya nuna min gurin sakamakon da yatsa, fanko. Yace, "Ɗana, ai ba a ma duba ka ba." Lokacin an riga an rufe.

A 2024 da kaina na yi komai. Na bi hanyar gyara bayanan akawun ɗina, na rubuta fasuwod a bayan littafi, kuma a ranar rijista ban tashi daga kujera ba sai da na ga kiredit biyar ɗina a kan sikirin, na karɓi firintin. 224 na ci, ƙasa da na 2023, amma na samu admishan, kuma a take na danna karɓa don shi ma in ka yi sakaci yana iya wuce ka.

Sai maganar kuɗi. Na rijistar farko Umma ce ta kwashi adashinta Yaya ya cika, bayan na samu lambar matrik sai na nemi rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rance, wanda aka buɗe shafinsa a Mayun 2024. Suna neman NIN, BVN, lambar JAMB da ta matrik, kuma sai makarantarku ta tura bayananka tukunna, sunanka kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina, ko harafi ɗaya ya bambanta zai iya tsayar da kai. Kuɗin makaranta kai tsaye suke biya wa makaranta, naira 20,000 na ɗawainiya kuma ya shigo akawun ɗinka duk wata. Baba da farko ƙi ya yi, yace shi ba ya son riba, sai da na nuna masa babu ruwa a ciki kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, sannan yace Allah ya sa albarka.

Bana ƙanwata ce za ta rubuta, tun jiya na kai ta ta yanki layi da sunanta.