Yadda Na Rayar da Cymopterus Daga Iri a Tukunya

Cymopterus dangin karas ne da faski, amma ba a lambu yake tsirowa ba. Gidansa busassun tuddai masu tsakuwa na yammacin Amurka, irin su jihohin Yuta, Nebada da Niyu Meksiko. Da ƙanƙara ta narke, wajen Maris zuwa Mayu, sai ya fito kwance a ƙasa, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe. A Niyu Meksiko ana kiran wani nau'insa cimaha, ana saka ganyensa a abinci don ƙamshi.

Irin nasa yana da fukafukai masu lanƙwasa kamar takarda, kuma daga nan sunan ya samo asali a Girkanci. Ina tsinkar iri idan fukafukan sun koma ruwan ƙasa. Kwana kaɗan aka makara, iska ta kwashe. Sai na duba ɗaya bayan ɗaya, domin tsutsa kan rarake cikin iri ta bar ɓawon lafiya lau. Wanda ya yi sakayau ko yake da ɗan rami, zubarwa nake.

Shukata ta farko ko ɗaya bai fito ba, don na shuka a ɗumi. Irin ba ya farkawa sai ya sha sanyi mai laima. Yanzu ina cakuɗa shi da yashi mai danshi a leda, in ajiye a firji wajen digiri 4 na tsawon mako 10 zuwa 12, ina leƙawa duk mako. Wanda ya fara fitar da farar saiwa, nan take nake shuka shi, zurfin rabin santimita.

Tukunya ita ce babbar magana. Saiwarsa guda ce mai kauri, tana nutsawa kai tsaye, don haka ina amfani da mai zurfin santimita 30. Cakuɗina kashi biyu ƙananan tsakuwa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ƙasa, ba taki. Dashe kuwa ba ya ɗauka: saiwar ta karye, shi ke nan.

A shekarar farko ganye biyu ko uku kawai yake yi, ya ƙeƙashe da shigowar zafi. Ba mutuwa ya yi ba, barci ne. Wanda ya ci gaba da ban ruwa a wannan lokaci, saiwar ce za ta ruɓe a ƙasa, kuma na yi wannan asarar. Tukunya ta zauna a inuwa a bushe har kaka. Fure sai shekara ta uku ko ta huɗu.

Wajen tsinka a daji akwai haɗari. Danginsa sun haɗa da Cicuta, mai kisa, wanda ke tsirowa bakin ruwa da fadama, dogo, saiwarsa da ɗakuna-ɗakuna idan an tsaga. Duk ɗan gidan karas da na gani a wuri mai dausayi ba na kai shi baki. Shi ma Cymopterus ba duka ne salihi ba: nau'in watsonii yana da sinadarin da ke sa fata ƙuna idan rana ta taɓa ta. Tumakin da suka ci shi a Yuta da Nebada, hantsarsu kan yi bororo har su ƙi shayar da 'ya'yansu. Shi ya sa nake sa safar hannu in zan yanki ganye da rana.